Daga Sassumbrum Zuwa Makka: Nisan Hanya da Tsawon Tafiya Cikin Shekara Ɗari

  

Da kwamitin shirya biki ya nemi in sa hannu cikin wannan ɗan littafi, na san akwai waɗanda suka fi ni sanin salsalar sarakuna da jerin sunayensu, akwai kuma waɗanda za su yi bayanin noma da kasuwa. Saboda haka sai na zaɓi wani abu guda wanda babu gidan da bai shafa ba a ƙasar nan, wato hanyar Makka. Mai karatu ya duba cikin danginsa: da wuya a rasa kakan da ya tafi gabas a ƙasa, ko kawun da ya bi kamiyo, ko gwaggon da ta shiga jirgin sama. Makka tana inda take, Sassumbrum ma tana inda take, nisan da ke tsakaninsu bai ragu da ko taki ɗaya ba. Amma tafiyar da kakanninmu suka yi wa tanadin shekaru, yau ana yin ta tsakanin sallar isha'i da ta asuba. Yadda aka yi hakan ta faru, da abin da muka samu, da abin da ya kuɓuce mana, shi ne nake so mu duba tare.

Nisan a miƙe

Bari mu fara da awo. In aka ja zare a miƙe daga Sassumbrum zuwa Ɗakin Ka'aba, tsawonsa zai kama kilomita 3,400, ko da ɗan abin da ba a rasa ba. Daga birnin Damagaram ma kusan haka ne, daga filin jirgin saman Kano zuwa na Jidda ma kusan haka ne, domin garuruwan nan uku ba su da wata rata mai yawa ta fuskar gabas da yamma. Daga Yamai zuwa Jidda kuwa nisan ya kai kilomita 4,000. Ina tuna ranar da malaminmu na labarin ƙasa a lise ya ɗora zare a kan ƙwallon taswirar duniya ya nuna mana wannan layi. Abin da ya ba mu mamaki shi ne zaren bai nufi gabas sak ba, ya ɗan karkata arewa. Ashe alƙiblarmu ke nan: daga nan ƙasar, tana karkata daga gabas zuwa arewa da wajen digiri 20. Zaren ya ratsa ta arewacin Tafkin Cadi, ya keta hamadar Cadi, ya bi ta arewacin Sudan, ya ƙetare Kogin Nilu, sannan ya faɗa Bahar Maliya.

Wannan layi hanyar tsuntsu ce. Ɗan Adam da jakinsa ba su iya binta, domin mafi yawanta rairayi ne da duwatsu, ga ƙarancin rijiya. Matafiyin ƙasa ruwa yake bi, da garuruwan da zai sami hatsi, shi ya sa hanyar alhazan dā ta sunkuyo kudu da wannan layi, tsawonta ya kai kilomita 4,000 ko fiye kafin a isa bakin teku.

Akwai kuma bambancin lokaci. Rana tana riga fitowa a Makka da wajen awa 2 kafin ta fito mana, agogon Saudiyya kuma yana gaban namu da awa 2 daidai. Kakan da ya tafi a ƙasa bai taɓa jin wannan bambanci a jikinsa ba, don a hankali ya ci shi, ƴan daƙiƙoƙi kowace rana. Jikansa da ya tafi ta sama shi ne ke sauka ya ga agogon hannunsa ya ce ƙarfe 3 na dare, alhali ladanin Jidda yana shirin kiran asuba.

Zamanin sanda da gora

Mutanen ƙasashen nan sun daɗe suna zuwa hajji. Mansa Musa na Mali ya je a 1324, Askiya Muhammadu na Sangai ya tashi a 1496, sarakunan Kanem kuwa tun cikin ƙarni na 13 suka mallaki masauki a Alƙahira domin alhazansu da ɗalibansu. Manyan nan ta arewa suke bi, su keta Sahara su faɗa Masar, su shiga babban ayarin da ke tashi daga Alƙahira. Malam Jibrilu ɗan Umaru, malamin Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, ya je har sau biyu, shi kuwa Shehu Allah bai nufe shi da zuwa ba duk da tsananin begensa. Hanyar arewa hanyar masu raƙuma ce da masu dukiya. Talaka da almajiri hanyar gabas suka fi bi, kuma ita ce ta zama babbar hanya bayan da cinikin Sahara ya mutu a farkon ƙarni na 20.

Mai niyya daga ƙasar Magarya yana da zaɓi. Ko ya yi kudu ta ƙasar Daura ya shiga Kano ya jira ayari, ko ya yi gabas ya faɗa Borno, wadda Damagaram ta daɗe tana hulɗa da ita. Daga Borno sai a ƙetare Kogin Shari, a ratsa Bagarmi, a isa Abashe ta ƙasar Wadai, a shiga Darfur ta Jinaina da Fashir, a wuce Kurdufan ta Al-Ubayyid, a isa Kogin Nilu, daga nan a nufi Sawakin a bakin Bahar Maliya. Tsakanin Sawakin da Jidda ruwa ne na wajen kilomita 300. Daga Jidda zuwa Makka kuma bai kai kilomita 80 ba.

Mu yi ɗan lissafi. Mutum mai lafiya, da iyali da jakuna, in ya yi kilomita 25 a yini ya yi ƙoƙari. In ba hutu, ba ciwo, ba damina, kilomita 4,000 za su ci masa kwana 160, wato wata 5 da ƴan kwanaki. Amma wa ya taɓa samun tafiya irin wannan? Da damina laka takan rufe hanya tsakanin Shari da Wadai, da bazara rijiyoyi su ƙafe. Babban abin da ke tsai da mutum kuma shi ne ƙarewar guzuri. Wanda ya bar gida da ɗan abin da ya samu daga sayar da akuya da damin gero, kafin ya wuce Bagarmi hannunsa ya bushe. Sai ya ya da zango, ya nemi gona ya yi noma shekara guda, ko ya zauna ɗinkin hula, ko wanzanci, ko jima, ko ga-ruwa, malami kuma ya kafa allo ya yi rubutun sha. Mata su yi ƙosai da fura, su yi kitso. In abin hannu ya taru a ƙara gaba, a sake tsayawa. Ta haka ne tafiyar wata 5 takan zama ta shekara 3, ko 7, ko 10 zuwa da dawowa. Yaron da aka goya aka fita da shi yakan dawo da gemu, wanda aka haifa a hanya kuma yakan dawo yana jin Larabci fiye da Hausa.

A nan ne sarauta take shigowa, kuma abin da ya sa na ga wannan magana ta dace da wannan littafi ke nan. A al'adar ƙasar Hausa mai niyyar gabas ba ya sulalewa da dare. Zai biya bashi, ya mayar da ajiya, ya bi gida gida neman gafara, ya yi wasiyya a gaban shaidu, sannan ya je fada ya yi sallama. Gonarsa a hannun wa za ta zauna? In ya dawo bayan shekara 8 ya tarar ƙanensa ya shuka itatuwa a ciki, ta wa ce? Matar da ya bari fa? Wasu kan sawwaƙe wa matansu kafin su tashi, wasu su yanka musu wa'adi, wasu su tafi da su. Wanda ya tafi bai yi ko ɗaya ba, labarinsa kuma ya yanke, shi ne malaman fiƙihu ke kira mafƙudi. A mazhabarmu ta Malikiyya, kamar yadda ɗaliban Risala suka sani, in matarsa ta kai ƙara aka bincika ba a ji ɗuriyarsa ba, ana yanka mata shekara 4, sannan ta yi takaba ta wata 4 da kwana 10 kafin ta yi aure. In bai bar mata abin ci ba tana da damar neman a raba auren tun kafin haka. Dukiyarsa kuwa ba a raba ta gado sai ya kai shekarun da ba a zaton irinsa yana raye, waɗanda malamai da yawa suka ƙiyasta da shekara 70 daga haihuwarsa. Mai karatu ya auna irin shari'un da wannan ya haifar a zaurukan sarakuna da na alƙalai. Nisan Makka ba a ƙafar matafiyi kaɗai ya tsaya ba, har cikin ɗakunan waɗanda aka bari ya shiga.

Na taɓa hira da wata tsohuwa a wani shirin rediyo, ta ce mini ita ba ta san fuskar mahaifinta ba, ana goyonta ya tafi. Abin da ta sani kawai, duk shekara in ayarin masu dawowa ya sauka, mahaifiyarta takan dama fura ta aike ta da ita, ta ce ta tambaya ko an gan shi. Wani ya ce ya gan shi a Abashe yana saƙa, wani ya ce a Sudan yana tsinkar auduga. Daga baya aka daina cewa komai. Irin wannan labari ba nata ba ne ita kaɗai.

Haɗarin hanya kuwa ba sai an faɗa ba: ƴan fashi, da ƙishirwa, da agana, da kwalara a wuraren cunkoso. Shekarun farko na zuwan Turawa ma ba su zo da sauƙi ba. Faransawa sun ci Damagaram a 1899, aka kashe Rabe a Kusuri a 1900, suka shiga Abashe a 1909, Ingilishi kuma suka kashe Sarkin Darfur Ali Dinar a 1916. Duk waɗannan wurare a kan hanyar alhazai suke. Sannan ga wani abin takaici da bai kamata a ɓoye ba: akwai bayin Allah da aka yaudara da sunan hajji, musamman yara da mata, aka sayar da su a Hijaz, domin ba a haramta bauta a Saudiyya ba sai a 1962. Waɗanda ba su da takarda ko kuɗin jirgin ruwa kuma sukan shiga ƙananan kwale-kwalen Larabawa a ɓoye, wasu a sauke su a gaɓar da ba ruwa ba gari.

Da yawa ba su ƙarasa ba, kuma ba su dawo ba. Bayan da Ingilishi suka ci Sakkwato, Sarkin Musulmi Attahiru ya yi hijira gabas da jama'a mai yawa, aka kashe shi a Burmi ranar 27 ga Yuli 1903. Ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ƙarasa Sudan da waɗanda suka saura, ya kafa gari a bakin Shuɗin Nilu kusa da Sannar, wanda har yau ake kira Mai Wurno. Wannan gari ya zama zangon alhazanmu. Mutanen Sudan suna kiran irinmu Fallata ko Takarir, daga nan ne kuma kalmar takari ta shigo bakinmu. Wani masani mai suna Bawa Yamba ya zauna da Hausawan Jazira ya fitar da littafi a kansu a 1995, inda ya nuna cewa jikoki da tattaɓa-kunnen da aka haifa a can, waɗanda ba su taɓa ganin ƙasar Hausa ba kuma ba su taɓa ganin Makka ba, har lokacin suna ɗaukar kansu matafiya ne da ke kan hanya.

Shekarar 1925 da wadda ta biyo ta

In aka ce in zaɓi lokacin da al'amarin ya fara juyawa, zan nuna shekaru biyun nan, domin abubuwa huɗu sun faru a cikinsu, kowanne a wuri dabam, kuma babu wanda ya yi su don alhazan Sassumbrum, amma duka sun shafe su.

A 1925 aka gama madatsar ruwa ta Sannar, aka buɗe manyan gonakin auduga na Jazira. Gonakin nan suna neman hannu, alhazanmu kuma suna neman guzuri, sai buƙata ta haɗu da buƙata. Aikin auduga ya taimaki wasu suka tara kuɗin jirgin ruwa cikin kaka ɗaya ko biyu, ya kuma riƙe wasu har abada. A watan Disamba na shekarar ne Sarki Abdul'aziz ya karɓi Jidda, bayan ya shiga Makka a 1924, aka sami hukuma guda mai tsare hanya tsakanin Jidda, Makka da Madina, inda a dā ƴan fashi ke tare ayari.

Na uku shi ne wanda ya fi ba ni sha'awa. Ranar 27 ga Oktoba 1925 wasu jiragen sama guda 3 na sojan Ingila suka tashi daga Halwan kusa da Alƙahira, ƙarƙashin wani hafsa mai suna Arthur Coningham. Ƙananan jirage ne masu inji ɗaya, kowanne mutum 2 yake ɗauka. Suka biyo ta Hartum da Fashir da Fallomi, wato Njamena ta yau, da Maiduguri, suka sauka Kano ranar 1 ga Nuwamba. Su ne jiragen sama na farko da suka sauka a can. Mai karatu ya lura da sunayen zangunan: hanyar alhazai ce suka biyo, sai dai sun biyo ta daga gabas zuwa yamma, kuma cikin kwana 6. Babu mamaki a ranakun nan akwai mutanen ƙasarmu a bakin wata rijiya ta Darfur da suka ɗaga kai suka ga abin yana wucewa, su kuwa shekararsu ta biyu ke nan da barin gida. A 1936 kamfanin Imperial Airways ya fara jigila tsakanin Hartum da Kano a kan wannan layi, lokacin Yaƙin Duniya na Biyu kuma dubban jiragen yaƙi suka bi shi daga Takoradi zuwa Masar, abin da ya sa aka gyara filayen sauka a Kano da Maiduguri da Fallomi da Jinaina da Fashir.

Na huɗu, a 1926 Faransawa suka ɗauke babban birnin Nijar daga Damagaram suka mai da shi Yamai. A lokacin babu wanda zai ce wannan yana da alaƙa da hajji. Za mu ga alaƙar nan gaba.

Dogo da kamiyo

Kafin jirgin sama ya zama na kowa, ƙarfen ƙasa ne ya fara rage hanya. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, ya kai Nguru a 1930. A ɗaya gefen kuma dogon Sudan ya kai Al-Ubayyid wajen 1912, daga nan mutum yana iya shiga jirgi har bakin teku. Ya kai Niyala ta Darfur a 1959, na Nijeriya kuma ya kai Maiduguri a 1964. Ratar da ke tsakanin kawunan dogon nan biyu, ita kamiyo ya cike. A 1948 wasu attajiran Kano, Alhaji Mahmud Ɗantata da Alhaji Haruna Ƙasim da Alhaji Ibrahim Musa Gashash, suka kafa ƙungiyar jigilar alhazai da motoci. Tafiyar shekaru ta koma ta makonni ko ƴan watanni ga mai kuɗin mota, in dai an tashi da rani kuma motar ba ta karye ba. Tsofaffin da suka bi wannan hanya ba sa mance kwanan daji ana jiran a kawo ƙarfen mota daga wani gari, ko turin kamiyo cikin rairayi, ko zaman killacewa na likita a Sawakin.

Masu mulki kuwa tun da wuri suka sami wata hanyar. Sarkin Katsina Muhammadu Dikko ya je hajji a 1921 ta jirgin ruwa, ya biya ta Ingila kafin ya isa Jidda. Nisan ya ninka, amma kwanakin sun ragu ƙwarai. A ɓangarenmu, Faransawa ba su cika son talakawansu suna cuɗanya da ƙasashen Larabawa ba, suna neman takardu da izini, saboda haka mutanen bakin iyaka irinmu da yawa sukan tsallaka kawai su bi ƴan uwansu na Daura da Kano.

Tsakanin isha'i da asuba

Cikin shekarun 1950 jigilar alhazai ta sama daga Kano ta kankama. Sardaunan Sakkwato Ahmadu Bello ya je a 1955, daga baya kuma gwamnatin Jihar Arewa ta kafa hukumar kula da alhazai. Nijar ta sami ƴanci ranar 3 ga Agusta 1960, a 1961 ta shiga cikin ƙasashen da suka kafa kamfanin Air Afrique, wanda ya yi shekaru yana ɗaukar alhazan ƙasashen nan har ya durƙushe a 2002. Jiragen farko masu farfela ne, sukan sauka a hanya su sha mai. Da jiragen jet suka zo, masu gudun wajen kilomita 850 cikin awa guda, sai Kano zuwa Jidda ta koma awa 4 da rabi zuwa 5, Yamai zuwa Jidda kuma awa 5 zuwa 6. In muka koma ga lissafinmu na ɗazu, awa ɗaya ta jirgi daidai take da tafiyar kwana 34 ta mai jaki. Kafin ma'aikatan jirgi su gama raba abinci su kwashe kwanuka, an wuce abin da kakanninmu kan yi wata biyu suna takawa.

Saurin ya zo da tambayoyinsa. Mai tafiya a ƙasa ya san inda zai tsaya ya yi wanka ya ɗaura harami. Wanda ke sama fa, a ina zai yi niyya, cikin jirgi ko bayan ya sauka Jidda? Malamai sun yi saɓani a kai, kowane ɓangare da hujjarsa. Sauke alhazai a Madina tun farko, kamar yadda ake yawan yi yanzu, ya sauƙaƙa abin, domin daga can kowa a Zul Hulaifa yake ɗaukar harami. Tsakanin Madina da Makka, inda ayarin raƙuma kan yi kwana 10 ko fiye, tun 2018 akwai jirgin ƙasa mai gudu da ke cin kilomita 450 cikin abin da bai kai awa 3 ba.

Ya kuma zo da nasa makoki. Ranar 22 ga Janairu 1973 wani jirgi ƙirar Boeing 707 da ya ɗauko alhazai daga Jidda ya yi hatsari wajen sauka a Kano, mutum 176 suka rasu. Ranar 11 ga Yuli 1991 wani jirgin da zai kai alhazai Sakkwato ya kama wuta jim kaɗan bayan tashinsa daga Jidda, duka mutum 261 da ke ciki suka cika. Allah ya jiƙansu, ya jiƙan waɗanda ƙasar Wadai da Darfur ta rufe ba tare da an san kabarinsu ba. Duk da haka, gaskiya ita ce waɗanda hanyar ƙasa ta ci a ɓoye, ɗaya bayan ɗaya, babu wanda ya ƙidaya su, kuma babu mai hankalin da zai ce hanyar sama ta fi haɗari.

Yanzu mu dawo kan maganar 1926. Tun da Yamai ta zama babban birni, can ne ofisoshi suke, can hukumar COHO mai shirya hajji da umra take, can kuma babban filin jirgi na Diori Hamani yake. Daga Damagaram zuwa Yamai wajen kilomita 900 ne a kan kwalta, ga kuma abin da ke tsakaninmu da Damagaram. Wato alhajin Sassumbrum da zai tashi daga Yamai sai ya juya wa alƙibla baya ya yi yini guda cur cikin mota yana yamma, sannan jirgi ya ɗauko shi ya sake ratsowa da shi ta sararin ƙasar da ya baro. Awowin da yake yi a mota sun ninka waɗanda yake yi a sama. Filin jirgin Kano kuwa, in a miƙe ne, bai kai kilomita 200 daga ƙofar fada ba, amma iyaka ta raba, kowace ƙasa da kujerunta da fasfonta. A ganina wannan magana ce da ya dace manyanmu na jihar Damagaram su riƙa tunatar da hukuma a kanta, domin mafi yawan masu zuwa hajji tsofaffi ne, kuma wahalar mota ita ke fara karya su tun ba su ga jirgi ba.

Akwai wani abin da jirgin sama ya canza wanda ba a cika faɗa ba. A dā jarin hajji ƙafa ce da sana'a da haƙuri. Wanzami da askarsa, ko maɗinki da allurarsa, yana iya cewa ya yi niyya, ya kama hanya, ba wanda zai tambaye shi nawa ya tara. Yau wannan ƙofa a rufe take. Yaƙin Cadi da ya fara a tsakiyar shekarun 1960, da tsaurara iyakoki, da dokokin biza, sun kashe hanyar ƙasa. Tun 1988 ake raba kujeru bisa ƙa'idar mutum 1 cikin kowane Musulmi 1,000, rabon Nijar a 2023 ya kusa 16,000. Faɗuwar darajar sefa da rabi a watan Janairu 1994 ta sa duk abin da ake biya da kuɗin waje ya ninka dare ɗaya, a 2023 kuma kuɗin kujera ya haura miliyan 3. Manomin gero da gyaɗa da riɗi ya lissafa buhu nawa ke nan. Jiran da kakansa ya yi a gonakin Jazira, shi yanzu a gida yake yinsa, yana tara kuɗi shekara da shekaru, ko yana jiran ɗa ko wani mai hali ya biya masa. Bambancin dai, kuma ba ƙarami ba ne, yana jiran ne cikin iyalinsa, matarsa ba ta zama matar mafƙudi ba, in ya isa Mina kuma muryarsa tana shigowa wayar salula a tsakar gida.

Hanyar sama ma tana rufewa. A 2020 da 2021 annobar korona ta hana duk wani alhaji daga waje shiga Saudiyya, masu niyya suka zauna da kuɗinsu a hannu, wasu Allah ya karɓi ransu kafin a buɗe. A watan Afrilu 2023 kuma yaƙi ya ɓarke a Sudan, aka rufe sararin samaniyarta, jiragen alhazan Afirka ta Yamma na shekarar suka koma zagaye, tafiya ta ƙara tsawo, kuɗin mai ya ƙaru. Garuruwan da aka riƙa ambata cikin labaran yaƙin da muke karantawa a rediyo su ne Hartum da Al-Ubayyid da Niyala da Fashir da Jinaina da Sannar, zangunan kakanninmu ɗaya bayan ɗaya, kuma cikin waɗanda yaƙin ya kora daga gidajensu akwai jikokin alhazan da suka tashi daga ƙasashen nan da sanda da gora.

Ina roƙon duk gidan da ke da tsohon fasfo na zamanin Faransawa, ko katin rigakafi mai hatimin Sawakin, ko wasiƙar ajami da aka aiko daga Sudan, ya kawo fada a ɗauki hotonta a mayar masa da abinsa. Tsofaffin da suka bi hanyar kamiyo kuma, waɗanda suka rage, ƙofar gidan rediyo a buɗe take gare su, in ƙafa ba ta kai ba mu za mu zo da na'ura har gida.